Gado, Doka da Tarihin Tsangwama: Nauyin da Aka Ɗora wa Ilimin Ƙwayoyin Halitta a Muhawarar Masu Neman Jinsi

Tambayar da ta fi yawo a duk inda ake jayayya kan 'yan luwaɗi da 'yan maɗigo ita ce: da abin ake haifar mutum, ko koyonsa yake yi? Masu fafutukar kare haƙƙinsu a Turai da Amurka sun daɗe suna cewa halitta ce, don haka babu dalilin hukunta mutum a kan abin da bai zaɓa ba. Masu adawa kuma suna cewa tarbiyya ce da son zuciya, don haka doka tana da hurumin hanawa. Duk da nisan da ke tsakaninsu, ɓangarorin biyu sun haɗu a kan abu guda da ba su faɗa ba, wato cewa amsar da za ta fito daga ɗakin bincike ita ce za ta raba gardama. Wannan takarda tana ganin nan ne kuskuren yake. Ilimin ƙwayoyin gado yana iya faɗin wani abu game da asalin sha'awa, kuma ya faɗa, amma ba shi da ƙarfin ɗaukar kayan da aka aza masa. Tarihin shekaru ɗari da hamsin ya nuna cewa hujjar "da shi aka haife su" ta yi wa mai kare su aiki, ta kuma yi wa mai farautarsu aiki.

A Jamus aka fara gina wannan hujja, tun ilimin gado bai tsaya da ƙafafunsa ba. Wani masanin shari'a, Karl Heinrich Ulrichs, ya tashi a taron lauyoyin Jamus a Munich a 1867 yana neman a soke dokokin da ke hukunta maza masu neman maza, bisa dalilin cewa ɗabi'a ce da aka halicce su da ita. Mahalarta taron sun hana shi ƙarasa jawabinsa da ihu. Shekaru huɗu bayan haka, a 1871, sabuwar daular Jamus ta sanya sashe na 175, mai hukunta maza masu neman maza, a kundin laifuffukanta. Likita Magnus Hirschfeld ne ya gaji aikin Ulrichs. Ya kafa kwamitin fafutuka a Barlin a 1897, ya buɗe cibiyar nazarin jima'i a 1919, kuma dukkan dabararsa ta dogara ga imanin cewa kimiyya ce za ta kai mutane ga adalci. A ganinsa, da zarar alƙali da ɗan majalisa sun gamsu cewa a jiki abin yake, hannunsu zai yi sanyi. Sai dai tun yana raye an ga ɗaya fuskar hujjar. Idan a jiki yake, to likita yana iya gyara shi da wuƙa. Binciken Eugen Steinach a Vienna ya kai ga yi wa wasu maza dashen maraina da nufin sauya musu sha'awa, kuma Hirschfeld da kansa ya tura mutane a yi musu wannan aiki, wanda daga baya aka tabbatar ba shi da wani amfani.

Abin da ya biyo baya ya fi muni. A watan Mayu na 1933 'yan Nazi suka fasa cibiyar Hirschfeld, suka ƙona littattafanta a bainar jama'a. A 1935 suka tsananta sashe na 175, a 1936 Himmler, ɗaya daga manyan jagororinsu, ya kafa ofishi na musamman don yaƙi da luwaɗi da zubar da ciki, abubuwa biyu da ya ɗauka suna rage yawan haihuwar Jamusawa. An kama maza kimanin 100,000, an yanke wa kusan 50,000 hukunci, an kuma kai tsakanin 5,000 zuwa 15,000 sansanonin gwale-gwale, inda aka liƙa musu alama ruwan hoda a riga. Abin lura ga mai nazarin wannan muhawara shi ne masanan gwamnatin Nazi ba su taɓa daidaita baki kan asalin abin ba. Wasunsu sun ce gado ne, wasu sun ce yaudarar matasa ce ke yaɗa shi. Saɓanin bai ceci kowa ba. Wanda aka ɗauka ya gada an yi masa dandaƙa, wanda aka ɗauka ya koya an ɗaure shi don a horar da shi, kuma a sansanin Buchenwald wani likita ɗan ƙasar Denmark, Carl Værnet, ya riƙa dasa wa fursunoni sinadarin namiji a 1944 da sunan magani. Gwamnatin da ta riga ta yanke cewa wasu mutane ba su da amfani takan samu hujjarta a kowace amsa kimiyya ta bayar. Bayan yaƙi ma Jamus ta Yamma ta ci gaba da aiki da dokar yadda 'yan Nazi suka bar ta har 1969, ba a kuma share sashen gaba ɗaya ba sai 1994.

To me binciken ya gano? Hanyar farko ita ce nazarin tagwaye. Franz Kallmann ya wallafa a 1952 cewa a cikin tagwayen da suka fito daga ƙwai ɗaya da ya bincika, duk wanda aka samu ɗan luwaɗi ne, ɗan'uwansa ma haka. Wannan sakamako ya yi kyau har ya jawo zargi, domin da yawa daga mutanen nasa ta hannun asibitoci da hukumomi ya samo su, kuma babu wanda ya sake samun irinsa. A 1991 Michael Bailey da Richard Pillard suka samu kashi 52 cikin ɗari a tagwayen ƙwai ɗaya, kashi 22 a tagwayen ƙwai biyu, kashi 11 a 'yan'uwan riƙo. Su ma ta hanyar talla a jaridun masu neman jinsi suka tara mutanensu, abin da kan sa tagwayen da suka yi kama a ɗabi'a su fi fitowa. Da aka koma ga rajistar tagwaye ta ƙasa baki ɗaya a Suwidin, binciken da aka wallafa a 2010 ya kiyasta rabon gado da kashi 34 zuwa 39 a maza, kashi 18 zuwa 19 a mata. Duk lokacin da aka gyara hanyar zaɓen mutane, sai adadin ya sauka, amma bai taɓa kaiwa sifiri ba.

Hanya ta biyu ita ce neman ƙwayar gadon kanta. A 1993 Dean Hamer na cibiyar binciken cutar daji ta Amurka ya sanar cewa a cikin 'yan'uwa maza biyu-biyu har rukuni 40, rukuni 33 sun yi tarayya a wani yanki na kuromosom X mai suna Xq28. Jaridu suka ɗauki labarin a matsayin an gano "ƙwayar luwaɗi", abin da shi Hamer bai ce ba. A 1999 wasu masu bincike a Kanada suka gwada a kan rukuni 52 ba su ga komai ba. Bincike mafi girma ya zo a watan Agusta na 2019 a mujallar Science, ƙarƙashin jagorancin Andrea Ganna, a kan mutane fiye da 470,000 daga rumbun bayanan lafiya na Birtaniya da kamfanin 23andMe. An samu wurare biyar a jerin ƙwayoyin gado da ke da alaƙa da taɓa saduwa da jinsi ɗaya, amma biyar ɗin gaba ɗaya ba su bayyana ko kashi ɗaya cikin ɗari na bambancin da ke tsakanin mutane ba. Idan aka haɗa dubban ƙananan bambance-bambancen da aka auna, sukan bayyana kashi 8 zuwa 25. Ma'anar wannan a sarari take: gado yana da hannu, hannun nasa a warwatse yake, kuma babu gwajin jini ko na yawu da zai nuna wa kowa abin da wani mutum zai kasance. Ya kamata a ƙara da cewa kusan dukkan mutanen da aka bincika Turawa ne, kuma tambayar da aka yi musu kan aiki ce, ba kan yadda suke ɗaukar kansu ba.

Wannan bambanci na ƙarshe yana da nauyi fiye da yadda ake ba shi. Sha'awa daban, aiki daban, sunan da mutum yake kiran kansa da shi a cikin jama'a kuma daban. Ƙwayar gado ba ta san akwai ƙungiya ko tuta ko zanga-zanga ba. Ɗaukar neman jinsi a matsayin wani rukunin jama'a mai kama da ƙabila abu ne da ya ginu a biranen Turai da Amurka daga ƙarshen ƙarni na 19, kuma dokokin da suka ware mutanen su ne suka fi taimakawa wajen haɗa kansu. Nazarin da Rudolf Gaudio ya yi kan 'yan daudu a Kano ya nuna cewa rukunin da Bahaushe ya sani ya ginu ne a kan sana'a da salon magana da mu'amala da mata, bai kuma dace kai tsaye da rukunin da Bature ya zana ba. Mai neman tushen wani rukuni a jini dole ya fara yanke shawarar wa zai ƙidaya a ciki, kuma wannan shawara al'ada ce ke yanke ta tun ba a buɗe na'ura ba.

Me ya sa duk da raunin hujjar aka rungume ta haka a Amurka? Dalilin yana cikin tsarin shari'arsu. Kotun ƙolin ƙasar ta saba zurfafa bincike a kan dokar da ta ware mutane bisa siffar da ba sa iya sauyawa, kamar launin fata, kuma a shari'ar Frontiero ta 1973 alƙalai sun yi amfani da wannan ma'auni wajen maganar bambanta mace da namiji. Bayan da kotun ta amince da dokar hana luwaɗi ta jihar Georgia a shari'ar Bowers ta 1986, lauyoyin masu fafutuka sun ga ƙofar da ta rage musu ita ce su nuna abin ba ya sauyuwa. Shi ya sa aka kira Hamer ya ba da shaida a kotu a Colorado a shekarar da bincikensa ya fito. Masaniyar shari'a Janet Halley ta yi gargaɗi tun 1994 cewa wannan dabara ce mai haɗari, domin ta ɗaure haƙƙin mutane ga sakamakon binciken da gobe ana iya rushe shi, ta kuma bar duk wanda rayuwarsa ba ta dace da labarin "tun ina yaro" ba a waje. Akwai kuma hujja mai sauƙi da ke nuna ma'aunin kansa gurgu ne. Addini abu ne da mutum ke iya shiga ya fita, amma babu tsarin mulkin da ya ce don haka a bar shi ba kariya. Ana kare shi ne saboda tilasta wa mutum barinsa zalunci ne, ko da zai iya.

Mai suka zai ce ko hujjar tana da rauni a ilimi, ta yi aiki a siyasa. Ƙuri'ar jin ra'ayi ta Gallup ta nuna cewa a 1977 kashi 13 cikin ɗari ne kawai na Amurkawa suka yarda da abin ake haifar mutum, zuwa 2018 kuma kusan rabi, kuma a tsawon wannan lokaci goyon bayan haƙƙin masu neman jinsi ya yi ta hawa. Wannan gaskiya ne, sai dai tafiyar abubuwa biyu tare ba ta nuna wanne ke jan wanne. Yana yiwuwa mutum ya fara sassautowa saboda ɗansa ko abokin aikinsa, sannan ya rungumi bayanin da ya dace da sassaucin nasa. Ban da haka, an ga inda hujjar ta juya ta sari mai ita. Makon da binciken Hamer ya fito, wata babbar jaridar Landan ta gabatar da shi a matsayin fatan zubar da irin wannan ciki, kuma a 2007 shugaban wata babbar makarantar tauhidin Baptis a Amurka, Albert Mohler, ya ce idan aka tabbatar da tushen abin a jiki zai goyi bayan yi wa ɗan tayi magani. Misali mafi kusa da mu shi ne Yuganda. A farkon 2014 Shugaba Museveni ya ce ba zai sa hannu a dokar hana luwaɗi ba sai masana sun gaya masa ko da abin ake haihuwa. Kwamitin masana na ma'aikatar lafiya ya ba da rahoton da ya ce babu ƙwayar gado guda tabbatacciya, amma gado da muhalli duk suna da tasiri, kuma ba cuta ba ce. Fadar gwamnati ta ɗauki rabin farko ta bar sauran, shugaban ya sa hannu ranar 24 ga Fabrairu. Masu fafutuka ne suka kafa sharaɗin cewa gado shi ne ma'auni, shi kuma ya karɓa ya auna su da shi.

Suka ta biyu daga ɗaya ɓangaren take zuwa: tunda babu ƙwayar gado guda, ashe zaɓi ne, kuma abin da aka zaɓa ana iya bari. A nan an haɗa abubuwa biyu da ba ɗaya ba ne. Abin da masu nazarin tagwaye ke kira muhalli ya haɗa da duk abin da ba jerin ƙwayoyin gado ba, har da yanayin mahaifa da sinadaran da ɗan tayi ya haɗu da su. Ray Blanchard ya nuna cewa kowane wa namiji da yaro yake da shi ta wajen uwa yana ƙara yiwuwar ya zama mai neman maza da kimanin kashi ɗaya bisa uku na abin da take a da, kuma bayanin da ya fi ƙarfi yana danganta haka da garkuwar jikin uwa. Bahago ma rabon gado a lamarinsa kusan kashi 25 ne, amma babu uwar da ta taɓa zaton ɗanta zama ya yi ya zaɓi hagu. An iya tilasta masa cin tuwo da dama, hannun da ya fi masa ƙarfi bai sauya ba. Shaidar ƙoƙarin sauya sha'awa ita ma ba ta goyi bayan masu wannan suka ba. Robert Spitzer, likitan ƙwaƙwalwar da ya wallafa binciken da aka fi kafa hujja da shi kan cewa ana iya sauyawa, ya janye shi a 2012, kuma ƙungiyar Exodus International, wadda ta shafe shekaru fiye da talatin tana wannan aiki a coci-cocin Amurka, ta rufe kanta a 2013.

Ga mai karatu Musulmi ko Kirista, abin da ya kamata a fito da shi fili shi ne hukuncin addini bai taɓa rataya a kan wannan tambaya ba. Malaman fiƙihu a kan aiki suka yi magana, da shaidar da ke tabbatar da shi, da irin horon da ya dace, har suka saɓa: Malikiyya sun tafi a kan haddi, Imam Abu Hanifa ya tafi a kan ta'aziri. Cocin Katolika ita ma ta raba tsakanin karkatar zuciya da aikatawa. Saboda haka da a ce gobe an gano ƙwayar gado guda mai ƙarfi, babu fatawar da za ta sauya, kuma rashin gano ta bai ƙara wa kowace fatawa ƙarfi ba. Mai wa'azin da ya ɗauki binciken 2019 yana cewa kimiyya ta gaskata shi ya faɗa ramin da Hirschfeld ya faɗa, ya jingina abin da ya yi imani da shi ga mujallar da za ta iya buga akasinsa baɗi.

Inda gardamar take a haƙiƙa shi ne iyakar ikon hukuma a kan abin da baligai suka yi a ɓoye, kuma a nan tarihin tsangwama ya fi ɗakin bincike abin faɗa, domin shi ne ke nuna abin da doka ta haifar da aka gwada ta. A Ingila gyaran dokar 1885 da ya tsananta wa maza masu neman maza ya zama jarin masu karɓar kuɗin toshiyar baki, shi ya kai marubuci Oscar Wilde gidan yari a 1895, shi ya sa aka yi wa masanin lissafi Alan Turing allurar sinadarin mata bayan hukuncin 1952. A Amurka umarnin Shugaba Eisenhower na 1953 ya jawo korar dubban ma'aikata masu neman jinsi bisa dalilin cewa maƙiya za su iya tsoratar da su da tonon asiri, alhali dokar ce ta mai da abin asirin da ake tsoro. Kwamitin Wolfenden da ya ba da shawarar sassauta dokar Ingila a 1957 bai jira an warware maganar asali ba. Ya ce aikin dokar laifi shi ne kare jama'a daga cuta da cin zarafi, musamman yara da raunana, kuma akwai wani fage na rayuwar mutum da ba nata ba ne. Alƙali Patrick Devlin ya mayar da martani a 1959 cewa ɗabi'ar da jama'a suka haɗu a kai ita ce ke riƙe al'umma, kuma al'umma tana da haƙƙin kare ta kamar yadda take kare kanta daga cin amana. Masanin shari'a H. L. A. Hart ya amsa a 1963 cewa ƙyamar masu rinjaye ba ta isa dalilin ɗaure mutum ba sai an nuna cutarwa. Wannan ita ce muhawarar gaskiya, kuma matsayin Devlin ya fi kusa da abin da mafi yawan 'yan Nijeriya suka riƙe lokacin da aka sa hannu a dokar hana auren jinsi a watan Janairu na 2014. Ya cancanci a amsa masa da hujja, ba da raini ba. Amma shi ma mai wannan matsayi akwai bashin amsa a kansa: wa dokar ke kamawa a aikace, ta wace hanya ake samun shaida ba tare da bin diddigin asirin mutane da addini ya hana ba, kuma wa ke cin ribar tsoron da ta shuka?

Wani zai ce an tsangwami mutane ba ya nufin suna da gaskiya, domin ɓarayi ma an daɗe ana ɗaure su. Haka ne, kuma shi ya sa tarihin tsangwama shaida ne, ba hukunci ba. Amfaninsa shi ne ya ɗora wa hukuma nauyin nuna wanda aka cuta, abin da ba shi da wuya a shari'ar sata. Yana kuma tuna mana inda wasu dokokin suka fito. Sashe na 377 mai hana luwaɗi na kundin laifuffukan Indiya na 1860, aikin Baturen mulki Macaulay, shi ne ya bi ta Sudan ya shigo kundin Jihar Arewa na 1960, kuma kotun ƙolin Indiya ta soke aiki da shi a kan baligan da suka yarda da juna a 2018.

Shekarar 2019 ta ba mu hukunci biyu a Afirka da kwana goma sha takwas kawai a tsakaninsu. Ranar 24 ga Mayu babbar kotun Kenya ta ƙi soke dokar da ƙasar ta gada daga Turawan mulki, kuma cikin dalilanta har da cewa babu tabbatacciyar shaidar kimiyya da ke nuna da abin ake haifar mutane. Ranar 11 ga Yuni babbar kotun Botswana ta soke tata, inda alƙalai suka ambaci cewa abin a halittar mutum yake, amma suka kafa hukuncinsu a kan sirri da 'yanci da mutunci da haramcin wariya a tsarin mulki. Binciken Ganna ya fito bayan wata biyu da rabi, kuma kowane ɓangare ya samu layin da zai karanta wa mabiyansa a ciki. Dalilin kotun Kenya yana nan a hannun masu bincike, kowane sabon sakamako yana iya ƙarfafa shi ko ya raunana shi. Kotun ɗaukaka ƙara ta Botswana kuwa ta tabbatar da hukuncin ƙasarta a watan Nuwamba na 2021, bayan binciken ya yi shekara biyu a duniya, a kan tanade-tanaden tsarin mulkin da babbar kotun ta dogara da su.